Ya zan yi wa wayoyin fitilun Ramadan alama kar wuta ta sake jan yaro?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Muna zaune a Jidda ne a wata tsohuwar imara, wato gidan bene mai ɗakunan haya, duk azumi yara suna ɗaura fitilun ado a saman bene da bakin ƙofa har da jinjirin wata da fanus, fitilar ado ta azumi. Bara wayoyin suka cakuɗe, ɗana mai shekara 14 ya kashe makunni ya je zai kwance wata ashe da wuta a jikinta, ta ja shi har ya zube ƙasa, Allah ne dai ya kiyaye. Kuma fitilu biyu sun ƙone don an sa su a wutar bolt 220 alhali na 110 ne. Haris ɗinmu, wato mai gadin gidan, ya ce kar in damu wai 110 ce ta taɓa shi ba ta kisa. Wallahi tun ranar hankalina bai kwanta ba, ga azumi ya matso. Ya zan yi musu alama kowa ya gane?

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara tsarewa, ya raya mana shi.

Alamar ba wuya. Ki samu farin shatartun, wato salatif ɗin masu wuta, da maka wadda ruwa baya gogewa. Kowace waya ki yi mata alama a kai biyu, wajen filogi da can ƙarshen inda fitila take, lamba iri ɗaya. Mutane sukan yi a gefen filogi kaɗai, toh shi wanda ke saman bene ta ina zai san wacce ya riƙe? Ki bar kamar taƙi ɗaya daga filogin, ki naɗa salatif ɗin ki manne bakinsa biyu ya fito kamar 'yar tuta, ki rubuta misali "3, ƙofa, 220". Sai ki rufa da salatif mai garai-garai don ranar Jidda tana cin rubutu, sati biyu sai kiga ya koɗe. Kar ki dogara da kala kawai, da dare ja da ruwan goro duk ɗaya ne a ido. Banda takarda, banda ɗaurewa da wayar ƙarfe ko fil, kuma 'yar takardar kamfani da ke jikin wayar kar a cire ta kar a rufe ta, nan ne aka rubuta bolt da wat ɗinta. Masu zuwa da adafta ki ba adaftar lambar fitilarta, don ba kowacce ke shiga kowacce ba. Daga nan ki rubuta jerin lambobin a kwali ki manna a murfin tablon, wato akwatin da ke raba wutar gida, kowace lamba da bireka ɗin da ke kashe ta.

Toh amma maganar haris ɗin nan ita ce ta tsaya min a rai, don kusan kullum sai na ji ta a wajen aiki, kuma wallahi ta ishe ni. Wai 110 ba ta kisa. Wa ya faɗa? Na farko ma abin da muke kira 110 a tsofaffin gidajen Makka da Jidda 127 ce. Na biyu abin da ke tsayar da zuciya shi ne yawan wutar da ta ratsa jiki, daga miliamfiya 30 (ma'aunin yawan wutar kenan) an shiga haɗari, shi yasa ma ake ƙera bireka mai kare rai a kan 30 ɗin. Jikin mutum in ya jiƙe da gumi, ƙafa ba takalmi, juriyarsa tana iya sauka zuwa wajen om 1000, ki raba 127 da wannan ki gani, miliamfiya 127 kenan, ya ninka 30 fiye da sau huɗu. Yanzu ki tuna yadda yaro ke hawa bene bayan tarawihi, riga sharkaf saboda laimar Jidda, ɗan silifas ko ma babu, ga ruwan AC yana ɗiga a siminti, hannu ɗaya a waya ɗaya a ƙarfen tankin ruwa. Kuma wutar tana sa tsoka ta ƙanƙame, hannu ya kasa saki. Wanda ta ja bai mutu ba sai ya dawo yana bada labari wai wutar sanyi ce, wanda ta kashe kuwa ai baya nan balle ya ƙaryata shi.

Ga kuma abin da nake zaton shi ya faru da yaronki. A tsohon tsarin 127/220, ita 220 ɗin ana samunta ne daga layi biyu masu wuta, wato duk wayoyin biyu a raye suke, ba ɗaya mai wuta ɗaya sanyi ba kamar yadda aka saba a Najeriya ko Nijar. Makunnin bango yawanci layi ɗaya yake yankewa. Fitila ta mutu, kowa ya ɗauka ba wuta, alhali ɗaya layin yana nan da 127 ɗinsa yana jiran hannu. Tun 2010 gwamnatin Saudiyya ta yanke a koma 230/400 a cikin shekara 25, sabbin gine-gine sun koma, amma tsofaffin imarori da yawa har yau cakuɗe suke, soket biyu a bango ɗaya kamanninsu ɗaya wutarsu daban. Saboda haka soket ɗin ma ki rubuta musu, amma sai an auna da mita, ba da faɗar haris ba.

Kuma dan Allah a daina kiran masu yawo da tasta ɗaya a aljihu, su taɓa waya da bayan yatsa su ce "ba komai Hajiya". Na sha zuwa gyara aikinsu, in tarar an fere waya biyu an murɗe an naɗe da salatif an cusa a ledar kubus, wato burodi, wai maganin ruwa. Ledar nan ita ke tara raɓa a ciki. Tausila, wato wayar ƙarin soket, ta cikin ɗaki ba a fita da ita waje ko da an naɗe ta sau goma, ta waje ana rubuta IP44 ko sama da haka a jikinta, alamar tana jure feshin ruwa, ki duba da idonki kafin ki biya. Filogi ya zama mai ƙafa uku mai fis a ciki, irin wanda hukumar SASO mai kula da ingancin kaya a Saudiyya ta amince da shi, fis ɗin baya wuce amfiya 13, kuma in ya ƙone ba a maye shi da zaren waya ko takardar sigari. Kar a jona tausila a kan tausila. Ki tuna kuma azumi yana matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara, yanzu yana shiga lokacin sanyi, lokacin da Jidda ke samun ruwanta, wanda ya ga Nuwamban 2009 da na 2022 ya san irin saukar da yake yi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi Hajiya, in ba za a sayi wayar waje ba a bar fitilun a cikin falo, ladan azumi baya raguwa, amma yaran nan amana ce za a tambaye mu.

Kafin a ɗaura komai bana ki kira mai wuta na gaske ya sa miki bireka mai yanke layi biyu tare da RCD, wato bireka mai kare rai ɗin nan, ta miliamfiya 30 a layin da zai fita waje, ki danna maɓallin gwajinta a gabansa kiga ta faɗi. Dokar gida kuma ɗaya: ba mai taɓa waya sai an zare filoginta an riƙe a hannu, lambarsa ta yi daidai da ta wayar. In Allah ya kiyaye ta sake jan wani kar a kama shi da hannu, a kashe tablon gaba ɗaya a kira 911 ko Hilal Ahmar, masu motar ɗaukar marasa lafiya, a 997. Shi kuma yaron, tunda har ya zube, in yana jin bugun zuciya ko ciwon ƙirji ko jiri ki kai shi asibiti a yi masa awon zuciya, ki faɗa wa likita abin da ya faru bara.