Yaƙi, Hari da Basasa: Amsoshin Tambayoyinku

Wani mai karatu daga Maraɗi ya tambaya: "Malam, kalmar yaƙi Hausa ce ko aro? Kuma yaushe ɗan Adam ya fara yaƙi?"

Kalmar gida ce, ba mu aro ta daga Larabci ko Turanci ba. Balarabe harbu yake cewa, ko ƙitalu. Dubi yadda ta yi rassa a bakinmu: ya yaƙe su, mayaƙi, mayaƙa, yaƙe-yaƙe. Ina roƙon masu rubutu a waya su riƙa sa mata lanƙwasarta, domin "yaki" kiran mace ne ta zo, "yaƙi" kuwa jini ne.

Bahaushe bai tara kowace rigima a kalma ɗaya ba. Faɗa na mutum biyu ne ko 'yan ƙalilan, ana iya raba shi. Gaba ƙiyayya ce da ke kwance, ko ba a taɓa juna ba. Hari shi ne a afka wa mutane ba shiri, a kashe, a kwashe, a gudu. Yaƙi kuwa sai da shugaba, da runduna, da sansani, da ganga, a ja daga ido na ganin ido. Wannan rabe-raben zai taimake mu ga rabin tambayarka na biyu.

Kisan farko da addini ya ba mu labari shi ne na 'ya'yan Annabi Adamu biyu, a Suratul Ma'ida. Wannan kisan kai ne, bai kai yaƙi ba. Masu tonon ƙasa kuwa sun sami wata maƙabarta a Jabal Sahaba, arewacin Sudan kusa da Wadi Halfa, wadda ta haura shekara 13,000. Gawarwaki 61 aka tono a shekarun 1960, da yawansu da ɓarɓashin tsinin dutse a ƙashi. Da aka sake duba ƙasusuwan, sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna wasu sun ji rauni sun warke, daga baya aka sake harbinsu. Ke nan ba karo ɗaya aka yi ba, dawowa ake ta yi. Da Bahaushe zai sa wa wannan suna, hari zai ce. Yaƙi mai sarki da runduna sai da aka yi birane: kusan shekara 2450 kafin haihuwar Annabi Isa, Lagash da Umma, a kudancin Iraƙi ta yau, suka gwabza a kan gonakin da ke iyakarsu, sarkin Lagash Eannatum ya sa aka sassaƙa nasararsa a dutse, da dakarunsa a jere garkuwa na gogar garkuwa, ungulaye na cin gawarwaki. A ganina hari ne uba, yaƙi ɗa.

Wata malamar makaranta daga Zariya ta ce: "Mene ne tsofaffin sunayen yaƙi a wasu harsuna? Kayan yaƙinmu fa, sunayensu namu ne?"

Malama, tsofaffin kalmomi sukan tona asirin abin da ya haɗa faɗan. A tsoffin waƙoƙin addini na Indiya, cikin harshen Sanskirit, ɗaya daga sunayen yaƙi shi ne gabishti, ma'anarsa neman shanu. Duk wanda ya san halin da Zamfara da kudancin Katsina ke ciki ba zai ji wannan a matsayin labarin dā ba. Gazwa ta Larabci asalinta harin da ƙabila ke kai wa ƙabila don raƙuma. Kalmar yaƙi ta Turancin Ingilishi, war, da ta Faransanci, guerre, tushensu ɗaya, wata tsohuwar kalma ce ta Jamusawan dā mai nufin ruɗani da hargitsi.

Kayan yaƙinmu kashi biyu ne. Baka, kibiya, kwari da dafi kayan maharbi ne tun kafin su zama na mayaƙi, sunayensu kuma tsofaffi ne a bakinmu. Na sarauta kuwa da yawa baƙi ne, sun biyo fatake ta hamada. Takobi ɗan'uwan takoba ne na Buzaye. Lifidi, rigar nan mai cushe da ake sa wa doki da mahayinsa don kibiya ta maƙale, daga libdu na Larabci yake. Tarihin Kano ya ce Sarki Kananeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Bindiga, harsashi, albarushi da ganima duk Larabci ne. Soja, bariki, kofur da samanja kuwa da Turawa suka zo.

Wasu kalmomin sun bar filin yaƙi sun shigo gida. Fama a dā gwabzawa ce, shi ya sa ake cewa fagen fama, yau kuwa tsohuwa na fama da ciwon gwiwa. Madawaki shugaban mahaya ne, yanzu sarauta ce ta fada.

Wani ɗalibi daga Kano: "Me ya sa ake cewa yaƙin basasa?"

Wasu na danganta kalmar da Yaƙin Basus na Larabawan jahiliyya. Kulaibu, shugaban ƙabilar Taglib, ya harbe wata taguwa da ke ƙarƙashin kariyar wata mata mai suna Basus. Ɗan 'yar'uwarta Jassasu, na ƙabilar Bakar, ya kashe Kulaibu. Ƙabilun biyu kakansu ɗaya, amma ruwayoyi sun ce shekara 40 suka yi suna kashe juna. Malaman da suka karanta waƙoƙin Larabawa sun san labarin, don haka ba abin mamaki ba ne sunan ya zama na yaƙin 'yan gida ɗaya.

A garinku kalmar ta yi kaka-gida. Da Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan Muhammadu Bello. 'Ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi suka ƙi, suka fita zuwa Takai ƙarƙashin Yusufu, aka kira su Yusufawa. Yusufu ya rasu ana cikin yaƙin, ƙanensa Aliyu Babba ya ci Kano a 1894, rikicin ya ƙare a 1895. Tukur da Yusufu jikokin Ibrahim Dabo ne duka. Da aka yi yaƙin Nijeriya na 1967 zuwa 1970, sunan yana nan a ajiye, ɗauka kawai aka yi.

Wani ɗan kasuwa daga Kumasi: "Abokin cinikina ya cuce ni, ya ce wai yaƙi ɗan zamba ne. Haka karin maganar take nufi?"

A'a, Alhaji, ya ɗora mata kayan da ba nata ba, kuma abin yana ci mini rai don na sha jin 'yan siyasa ma suna fakewa da ita. Maganar ta yi daidai da hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito cewa yaƙi dabara ne. Misalinta Yaƙin Gwalalo, shekara ta 5 bayan hijira, inda Nu'aimu ɗan Mas'ud ya shiga tsakanin rundunonin da suka kewaye Madina ya sa suka daina yarda da juna. Zambar da ake nufi ita ce kwanton ɓauna, da ɓoye hanya, da ja da baya irin na rago wanda ba tsoro ba ne. Ana yi wa abokin gaba ne wanda ya san ana yaƙi da shi, shi ma yana ƙulla tasa. Malamai sun sa mata iyaka ko a fagen daga: ba a karya alkawari da ita, ba a cin amanar wanda aka ba aminci. Wanda kuka ƙulla ciniki da shi amana ce tsakaninku, babu daga. Abin da ya yi maka sunansa ha'inci. Ka tara shaidunka ka kai maganar gaban shugabannin kasuwa.