Wanke Memori, Turi da Zubi: Amsar Tambayoyin Masu Karatu daga Legas

Tambayar farko ta wannan mako daga wani matashi ce mai gyaran waya a kasuwar Computer Village da ke Ikeja. Ya ce: "Malam, kullum a shago muna cewa a yi wa memori fomatin. Wani dattijo ɗan Agege ya kawo katinsa, na ce zan yi masa fomatin, ya ce in yi masa Hausa. Na ce zan wanke, sai ya zaro ido, wai kada in sa masa ruwa. Mece ce Hausar wannan abu?"

Ɗana, ka riga ka faɗe ta. "Wanke" ɗin nan ba daga bakin 'yan boko ta fito ba, masu sana'a irinku ne suka ɗora ta, kuma sun dace. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san cewa in almajiri ya haddace abin da ke allonsa, sai ya je ya wanke, ya shafa farar ƙasa, ya bar shi ya bushe, sannan a yi sabon rubutu. Allon bai canza ba, shirya shi aka yi don ya karɓi wani karatu. Da ka ce wa Baba "wankin allo za mu yi masa", da ya gane nan take.

Sai dai kalmar tana da wani rami da ya kamata ku sani. Muna da goge, share, shafe, wanke da kankare, kuma ba ɗaya suke ba. Gogewa ta abu guda ce, kamar hoto ɗaya ko waƙa ɗaya. Kankarewa kuwa ita ce a bi da wuƙa har sai babu ko alamar tawada. To, wankin gaggawa da kwamfuta ke yi cikin 'yan daƙiƙu bai kai kankara ba. Abin da yake yi shi ne ya sabunta fihirisar katin, wato jerin da ke nuna inda kowane fayil yake. Sau da yawa fayilolin suna nan kwance har sai an rubuta wani abu a kansu, shi ya sa ake iya tono su da manhajar ceto. Wanda ya taɓa ɗaga wankakken allo a rana ya ga inuwar tsohon rubutu ya san abin da nake nufi. Saboda haka in mutum zai sayar da waya da katinta a ciki, ka tambaye shi: wanki kake so ko kankara? Kankarar tana cin lokaci, domin sai an bi katin kaf an cike shi da sifiri.

Tambaya ta biyu daga wata malama ce mai koyar da yara kwamfuta a Idi-Araba. Ta sayi Raspberry Pi, 'yar kwamfutar nan da ba ta fi katin cirar kuɗi girma sosai ba, wadda aka fara sayarwa a 2012 daga Kambirij ta Ingila a kan dala 35. Ta ce a darasi tana kiran fayil ɗin da ake ɗora wa katin memorin kwamfutar "hoto", kamar yadda sunansa yake a Turanci, sai yara suka yi ta neman ganin hoton. Kuma ta tura fayil ɗin cikin kati, ta saka, kwamfutar ta ƙi tashi.

Malama, matsalolin nan biyu uwarsu ɗaya. Kalmar ce ta ɓatar da ke.

Irin wannan kwamfuta, wadda ni nake kira mai falle ɗaya tunda komai nata a kan faifai guda yake, ba ta zuwa da rumbun ajiya a ciki. Babbar manhajar da ke tafiyar da ita a kan ɗan katin nan take zama, mai tsawon milimita 15 da faɗin 11. Fayil ɗin da kika sauko da shi kuwa ba hoto ba ne na kallo. Kwatankwacin kati ne sukutum, daga gurbin farko har na ƙarshe, har da katangun da suka raba shi ɗaki-ɗaki. "Hoto" a Hausa ta tsaya ga abin da ido ke gani. Na so in ce "sura", amma yaran Islamiyya za su tafi ga Fatiha, ko da yake a Larabci kalmomi biyu ne dabam, ɗaya da sadi, ɗaya da sin, mu ne muka haɗe su a baki.

Abin da kika yi sunansa turi, irin na masu tura fina-finai da waƙoƙi a bakin tasha: a ɗauki kaya a ajiye a ɗakin da aka riga aka gina. Abin da ake bukata kuwa ni zubi zan kira shi. Ki tuna masu ƙera tukwanen dalma. Sukan danna tsohuwar tukunya cikin damammiyar ƙasa, su cire, su kwarara narkakken ƙarfe a gurbin, sabuwa ta fito da kunnuwa da kowane tabo na tsohuwar. Haka manhajoji irin su Raspberry Pi Imager, wadda ta fito a 2020, da balenaEtcher suke yi wa kati. Na san wasu na cewa "zuba mini waƙa a memori", don haka kalmar ba ta kuɓuta daga ruɗani gaba ɗaya ba, amma in kika ce "zubin tukunya" sau ɗaya a aji, ta zauna.

Daga nan abubuwa biyu suke fitowa. Ba sai kin wanke kati kafin zubi ba, domin zubin yana danne duk abin da ya tarar. Sannan bayan an gama, in kika mayar da katin a kwamfuta mai Windows, za ki ga mai gigabait 32 ya koma 'yan megabait ɗari-ɗari. Bai lalace ba. Ɗaki biyu aka yi masa: ƙarami mai tsarin FAT32 wanda Windows ke karantawa, da babba mai tsarin ext4 na Linux, wato babbar manhajar 'yar kwamfutar, wanda Windows ba ta ganewa. Tana iya ma yi miki tayin ta wanke shi. Kada ki amsa mata. Kuma kafin ki danna maɓallin zubi, ki duba sau biyu cewa katin ne kika zaɓa, ba wani rumbun ajiya ba, ki zare duk wani filashi da ke jone. Nan ne Hausawa ke cewa tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fita ba.

Na ƙarshe wani ɗan kasuwa ne daga Mile 12, yana tambayar ma'anar "ƙurarre" a cikin "ramin ƙarya ƙurarre ne". Alhaji, daga "ƙure" take, wato kaiwa ƙarshe inda babu gaba. Ramin gafiya yakan yi rassa da ƙofar gudu, na ƙarya kuwa da an zura hannu an taɓa bango. Tunda yau zancen kati muke yi, ga misali a hannu: jabun memori da aka rubuta wa gigabait 128 a jiki alhali cikinsa 8 ne. Kwamfuta za ta nuna 128 ɗin, domin an koya wa katin faɗin haka, kuma zai yi ta karɓar kaya lafiya lau har a wuce takwas ɗin, sannan fayiloli su fara buɗewa a lalace. Akwai manhajar H2testw da ke cika kati fal sannan ta karanto abin da ta rubuta. In za ka sara da yawa, ka gwada guda da ita tun kana gaban mai shago.