Amsoshin Tambayoyinku: Janar Hassan Usman Katsina da Gidan da Ya Fito

Tambaya daga wani mai karatu a Funtuwa: Assalamu alaikum. Muna gardama a majalisarmu. Wasu sun ce Janar Hassan ɗan Sarki Dikko ne, kuma sarautar gidansu ce ta ba shi muƙami a soja. Ina gaskiyar magana?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Jika ne, ba ɗa ba. An haifi Hassan a 1933, mahaifinsa shi ne Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981. Nagogo ne ɗan Muhammadu Dikko, Basulluɓen da yake riƙe da sarautar Durɓi kafin Turawa su naɗa shi sarki a 1906, abin da ya fitar da sarautar Katsina daga gidan Dallazawa. Bayan Nagogo, yayan Hassan, Muhammadu Kabir Usman, ya hau gado har zuwa 2008, sannan ɗansa Abdulmumini. Shi Hassan sarautar Ciroman Katsina ya riƙe.

Batun muƙami kuwa, sai a raba shi biyu. Aninin da ke kafaɗarsa ba gado ba ne. Ya yi Midil ta Katsina, ya wuce kwalejin Zariya da ake kira Barewa, ya shiga soja a 1956. Hanyar zama hafsa a wancan zamani sananniya ce: a ci jarrabawa da gwajin lafiya, a yi horon share fage a Teshie ta ƙasar Gana, sannan a wuce Ingila. Hassan ya bi ta makarantar Mons da ta Sandhurst, aka rataya masa anini a 1958. Daga nan hawa ake yi mataki-mataki, Laftana, Kyaftin, Manjo, kuma akwai kwas da jarrabawar ƙarin girma a tsakani. Ya kuma je aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango.

Amma naɗa shi gwamnan soja na Arewa a 1966 wata magana ce daban, kuma a nan abokan gardamarka suna da ɗan abin kamawa. A juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 an kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa, tare da manyan hafsoshin Arewa: Birgediya Zakariya Maimalari, Kanar Kur Muhammad, Laftana-Kanar Abogo Largema da Laftana-Kanar James Pam. Hassan yana Manjo ne a lokacin, yana jagorantar rundunar motocin sulke a Kaduna. Janar Ironsi, wanda ya karɓi mulkin ƙasa bayan juyin, na neman wanda sarakuna da talakawan Arewa za su saurara a cikin wannan juyayi, ga kuma hafsa ɗan Sarkin Katsina a kusa. A ganinmu, asalinsa ya yi tasiri a wannan zaɓi, kuma ba abin aibu ba ne a faɗi haka.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Zariya: Wace jiha ya mulka, kuma me ya yi a lokacin yaƙin basasa?

Amsa: Malama, ba jiha ya mulka ba a ma'anar yau. Duk Lardin Arewa ne, daga Sakkwato zuwa Maiduguri har Ilori, tun daga Janairun 1966 zuwa 27 ga Mayu 1967, ranar da Gowon ya yanka Arewa zuwa jihohi 6. A zamanin mulkinsa aka sha tarzomar Mayu da ta Satumban 1966 da juyin mulkin 29 ga Yuli, kuma yana cikin waɗanda suka zauna taron sulhu na Aburi, a ƙasar Gana, a Janairun 1967. Daga 1968 zuwa 1971 shi ne shugaban hafsoshin sojan ƙasa, a daidai lokacin da rundunar ta kumbura daga kimanin mutum 10,000 zuwa wajen 250,000. Ya bar aiki yana Manjo-Janar a 1975, Allah ya yi masa rasuwa ranar 24 ga Yuli 1995.

Tambaya daga wani ɗalibi a Jos: Kakana ma hafsa ne tun zamanin Turawa. Ta yaya zan haɗa tarihinsa?

Amsa: Ɗana, fara daga cikin gida, tun dattawan suna raye. Zauna da matansa da ƙannensa ɗaya bayan ɗaya, kada ka haɗa su wuri guda, don babba kan rinjayi bakin ƙarami. Ka nemi takardar sallama, littafin fansho, lambobin yabo da hotuna, ka duba bayan kowane hoto. Abin da ya fi komai daraja shi ne lambar aikinsa, domin suna na canzawa amma lamba ba ta cika canzawa ba.

Da lambar a hannu, sai ka nufi Kaduna, ka duba a Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da kuma Gidan Arewa. Ka nemi Gazet ɗin gwamnati, inda ake buga naɗi da ƙarin girman hafsoshi da kwanan wata, da tsofaffin jaridun Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian. Ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji na jiharku kan san abokan aikinsa da suka rage.

Inda masu bincike suka fi tuntuɓe shi ne suna. Yaran Arewa da yawa da sunan garinsu aka rubuta su a makaranta, ba da sunan uba ba, kuma akawun Turawa na rubuta Muhammadu ta hanyoyi barkatai, saboda haka ka gwada kowace siga. Shekarar haihuwa ma sau da yawa ƙiyasi ce. Sai kuma muƙamin riƙon ƙwarya: a lokacin yaƙi an ba mutane da dama muƙamin wucin gadi, iyali su riƙa cewa Kanar ne alhali takarda ta ce Manjo. Idan baki da takarda suka saɓa, rubuta duka biyun, ka sa sunan wanda ya faɗa maka da ranar da ya faɗa.