Amsa ga mai tambaya a kan ribar APC a matatar mai da masana'antar sinadarai

Assalamu alaikum, Injiniya. Ka ce masana'antarku tana da DCS, wato tsarin kwamfutocin da ake sarrafa masana'anta da su daga allo, na'urorin PID masu riƙe kowane ma'auni inda aka saita shi suna aiki, kayan da kuke fitarwa ba sa faɗuwa a gwaji, don haka kake tambaya ko wace riba tsarin sarrafawa na ci gaba, wanda ake kira APC, zai ƙara muku har a kashe masa kuɗi. Na daɗe a wannan aiki, kuma a ganina ribar tana nan a wurin da kake ganin babu matsala, wato cikin kayan nan da ba sa faɗuwa a gwaji.

Ɗauki hasumiyar tace ɗanyen mai. Ƙa'idar man jirgi na Jet A-1 ita ce kada ya fara daskarewa sai sanyi ya kai digiri 47 ƙasa da sifiri. Ofaretan da ke gaban allo ya san wannan, ya kuma san cewa idan ya ƙara jan kananzir, wanda da shi ake yin man jirgin, sakamakon ba zai bayyana nan take ba, amsar ɗakin gwaji kuwa sai bayan sa'o'i take zuwa. Saboda haka yakan tsaya nesa da iyaka, a ce digiri 51 ko 52 ƙasa da sifiri, domin ya miƙa aiki lafiya. Ba laifinsa ba ne, domin wanda hannunsa ke rawa ba ya cika kofi har baki. Sai dai wannan tazara tana nufin wani kaso na man da ya cancanci zama man jirgi ya gangara cikin dizal, kuma duk lokacin da man jirgi ya fi dizal daraja a kasuwa, asara ce ake yi dare da rana ba tare da ta fito a wani rahoto ba. Aikin APC shi ne ya rage hawa da saukar ma'auni tukuna, sannan ya matsar da aikin kusa da iyaka. Idan an rage rawar amma ba a matsa ba, kusan babu abin da aka samu.

Abin da ya sa PID ba zai iya wannan shi kaɗai ba shi ne kowanensu ma'auni ɗaya yake kallo, bawul ɗaya yake juyawa, bai san abin da maƙwabcinsa ke yi ba. A hasumiya kuwa komai yana taɓa komai: ka ƙara jan kananzir, dizal ya ƙara nauyi, ka ɗaga zafin tanderu, tururin da ke hawa ya ƙaru har ya kusa shaƙe farantan ciki. Wannan matsala ce ta haifar da sarrafawa mai hasashe, wato MPC, a shekarun 1970, inda Jacques Richalet ya fito da manhajar IDCOM a Faransa, Charles Cutler da Brian Ramaker na kamfanin Shell kuma suka gabatar da tasu mai suna DMC a 1979 a Amurka. Har yau ginshiƙin bai canza ba. Manhajar tana riƙe da samfurin lissafi na halin hasumiyar, kuma galibi a kowane minti ɗaya takan hango inda ma'aunai za su dosa nan da sa'a guda ko fiye, ta tsara jerin gyare-gyare, ta aiwatar da na farko kawai, ta gwada hasashenta da abin da ya faru a zahiri, sannan ta sake lissafi. A yawancin lokuta ba ta taɓa bawul da kanta, umarni take aika wa PID ɗin da kuke da su. A samanta kuma akwai wani lissafi da ke duba darajar kaya da tsadar makamashi, ya zaɓi iyakar da ta fi riba a jingina da ita.

Ribar takan zo ta fuskar yawan abin da ake tacewa fiye da ko'ina. A sashen FCC, inda ake fasa mai mai nauyi ya koma mara nauyi, alal misali, abin da ke hana ƙara lodi yakan zama injin hura iska, ko kwamfaresar gas, ko zafin wurin da ake ƙone gawayin da ya manne wa sinadarin fasa mai, kuma wannan shinge yana sauyawa tsakanin rana da dare. Da dare iska ta yi sanyi, na'urorin sanyayawa sun sami ƙarfi, APC zai ƙara lodi da kaɗan-kaɗan, da hantsi kuma ya janye. Babu ɗan'adam da zai jure yin haka kowane minti. Akwai kuma ragin tururi da man tanderu idan aka daina tace kaya fiye da buƙatar mai saye, da raguwar kayan da ke lalacewa lokacin sauya nau'in ɗanyen mai ko nau'in roba a masana'antar folima.

Amma ina roƙonka kada ku sa hannu a kwangila kafin ku duba tushe. Na ga aikin da ya tsaya cik saboda bawul guda mai maƙalewa. A allo, umarnin da ake aika masa yana hawa yana sauka kamar haƙoran zarto, shi kuwa ruwan da ke wucewa ya tsaya wuri ɗaya, can sai ya yi tsalle ya wuce inda ake so. Duk samfurin da aka gina a kan irin wannan bawul ƙarya zai riƙa faɗa. Dole a gyara bawuloli, a daidaita PID, a tabbatar da na'urorin awo, kuma sau da yawa wani babban kaso na ribar tun a nan ake samunsa. Daga nan sai gwajin mataki, inda ake motsa abu ɗaya kaɗan, a jira a ga yadda sauran ma'aunai za su amsa, aikin da kan ɗauki kwanaki ko makonni kuma yana buƙatar haƙurin masu aikin dare. Inda babu na'urar gwajin inganci kai tsaye a kan bututu, akan ƙiyasta ingancin daga zafi da matsi, a riƙa gyara ƙiyasin da amsar ɗakin gwaji.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke biyo bayan ƙaddamarwa. Na'urorin musayar zafi suna yin datti, ana canza sinadarin fasa mai, ana babban garambawul, samfurin kuwa yana nan yadda aka bar shi. Sannu a hankali hasashensa ya fara kaucewa, ofaretoci su daina yarda da shi. Ba lallai su kashe shi ba, sai su matse iyakokinsa har ya rasa wurin motsi, rahoto yana nuna yana kunne alhali ba ya tsinana komai. Maganin wannan shi ne a sami injiniya na cikin gida wanda kula da shi ne aikinsa, a kuma shigar da ofaretoci tun daga zane, domin mutum ba ya amincewa da abin da ke juya masa aiki bai san dalili ba. A kuma sani cewa APC ba tsarin kariya ba ne. Tsarin kashe injina lokacin haɗari yana nan daban, ba a haɗa su.

Ba kowane sashe ne ke buƙatarsa ba. Ƙaramin sashe mai ma'aunai kaɗan da ba sa shafar juna, PID mai kyau ya ishe shi, wanda kuma yake yawan tsayawa da tashi, a fara magance dalilin tsayawar. Game da kason riba da masu sayarwa za su kawo muku a takarda, shawarata ita ce ku fitar da naku. Ku zaɓi hasumiya ɗaya, ku ciro bayananta na wata shida daga ma'ajiyar tarihi, ku auna tazarar da ke tsakanin matsakaicin ingancin kayanku da iyakar ƙa'ida, ku lissafa abin da rufe rabin tazarar zai kawo a shekara, sannan ku ajiye shi kusa da kuɗin aikin har da albashin injiniyan da zai kula da shi.