'Yata ta ajiye littafin tafiya tun da babanta ya bi shi da jan biro

Tambaya:

Assalamu alaikum Malama. Ina zaune a Agege da yara uku. Dogon hutun nan muna son zuwa Kano wajen kakanninsu a mota, kuma a makaranta an ce kowane yaro ya riƙe littafi ya rubuta abin da ya gani a hutu. Babbar, mai shekara 9, ta gwada ranar da muka je Badagry, sai ta rubuta rabi Hausa rabi Turanci. Babanta ya bi da jan biro ya gyara, malamin lesin kuma ya ce in muka bar ta tana rubutu da Hausa Turancinta zai lalace, gara ma ta zauna lesin mu tafi da ƙannenta. Tun ranar ba ta sake taɓa littafin ba. Ina tsoron kada ta koma baya.

Wata uwa, Agege

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Kwantar da hankalinki, ki haɗa kayanta tare da na ƙannenta. Yarinyar da ta dawo daga Badagry ta zauna ta rubuta labari ba ta kama hanyar komawa baya ba. Ciwo aka ji mata, kuma yana warkewa in kuka sake salo.

Maganar malamin lesin ce ta fi ɓata mini rai, domin kusan kullum sai wata uwa ta kawo mini ita, daga Idi-Araba, daga Mile 12, daga Obalende: wai Hausa tana cinye Turancin yaro. Ku tambayi mai faɗar haka inda ya karanta, za ku ji shiru. Yaro sau ɗaya yake koyon dabarar rubutu, wato ya tsara abin da ya faru bi da bi, ya zaɓi abin faɗa, ya gane cewa mai karatu bai je wurin ba sai an kwatanta masa. In ya iya wannan da harshen da yake tunani da shi, da kayansa zai shiga Turanci. Wanda aka hana shi sai ya koma haddar jimla uku: mun je, mun gani, mun ji daɗi. Irinsu muke samu a aji shida, rubutu tsaf babu kuskure, babu kuma komai a ciki.

An gwada wannan a ƙasar nan. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa, ɗan Legas ɗin nan wanda daga baya ya zama ministan ilimi, ya jagoranci wani gwaji a Jami'ar Ife. Aka koyar da yara dukkan darussan firamare da Yarbanci shekara shida, Turanci kuma aka riƙe shi darasi mai zaman kansa. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a wasu darussa ma sun sha gabansu. Sama da shekara hamsin ke nan, amma har yau akwai makarantun kuɗi da ke cin tarar yaro don ya yi harshen uwarsa a filin wasa. Mai lesin kuwa ba sai na ce komai ba: duk yaron da ya tafi hutu, kuɗin wata ne ya fita daga aljihunsa.

Ki duba ma halin da ɗan Bahaushe yake ciki a Legas. Turanci a aji, Yarbanci darasi ne na dole a makarantun jihar tun dokar 2018, Turancin buroka a layi da cikin danfo. Hausa fa? A baki kawai. Babu wanda zai koya masa bambancin k da ƙ, ko d da ɗ, in ba a gida ba. Littafin tafiyar nan wataƙila shi ne wuri ɗaya tilo da 'yarki za ta ga harshenta a kan takarda da rubutun hannunta, shi ne kuma ake so a rufe. Gaurayen da take yi ba cuta ba ce, haka mai harshe biyu yake, yana ɗauko kalmar da ta fi kusa da shi.

Shi kuma Alhaji, a gaya masa cikin ladabi ya ajiye jan biron. Na san da kyakkyawar niyya ya yi, amma gyaran kuskure yana da muhallinsa, littafin aikin gida. Shi wannan littafi nata ne. In ta kawo masa, ya karanta ya yi tambaya: benen nan na 1845 da kika gani a Badagry, ya matakalarsa take? Tambaya ɗaya irin wannan tana haifar da shafi guda. Makaranta kuma in Turanci take so, bayan kun dawo yarinyar ta zaɓi kwana biyu ko uku ta mayar da su Turanci a wata takarda dabam, a nan ne za a yi gyara.

Ku saya mata sabon littafi ƙarami mai kauri da fensir, tsohon ya riga ya zame mata abin kunya. Kada ta yi rubutu mota tana gudu, domin ido yana kan takardar da ba ta motsi, kunne na ciki kuma yana jin motsi, nan da nan sai jiri da amai. A bari sai an tsaya salla ko cin abinci, minti goma ya isa. Ƙannen su yi zane, ko su faɗa ki rubuta musu yadda suka faɗa.

Hanyar da kanta za ta ba ta abin rubutu. Tafiya ce ta kusan kilomita 1,000, daga kurmi zuwa fili. Ta lura a ina bishiyar kwakwar manja ta fara ƙaranci, a ina ta fara ganin kuka da giginya, a wane gari masu talla suka daina yi muku Yarbanci. In ta Lakwaja kuka bi, can Kwara da Binuwai suka haɗu, gaba kaɗan za ku haye gadar Murtala. Ki ba ta tsohuwar takardar naira 100, mai hoton dutse a bayanta, ta riƙe, kada ki gaya mata dalili, sai kun wuce Abuja ta ga Dutsen Zuma a gabanta ta gwada da wanda ke jikin kuɗin. Ta rubuta farashin doya a bakin hanya ta kwatanta da na Mile 12, ga lissafi ya shigo ba a kira shi ba. A Kano akwai marinar Ƙofar Mata da Gidan Makama da Dutsen Dala, amma abin da na fi so shi ne ta zauna gaban kakarta ta tambaye ta yadda aka yi babanta ya fara zuwa Ikko, ta rubuta da kalmomin tsohuwar.

Wata rana ba za ta rubuta komai ba, ki ƙyale ta. Abu ɗaya kawai zan ja kunnenki a kai: kada ki ɗauki hoton shafukan ki sa a WhatsApp ko Facebook kuna kan hanya, da sunan gari da lokacin da kuka tsaya. Kin san yadda hanyoyinmu suke yanzu. A bari sai kun sauka lafiya, sannan ma sai ita mai littafin ta yarda. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.