Hukuncin tara tsofaffin ƙananan jiragen ƙasa masu aiki da lantarki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Ingila, kuma na daɗe ina tara tsofaffin ƙananan kawunan jirgin ƙasa masu tafiya da lantarki, irin na Hornby Dublo da aka fara ƙerawa a 1938 da na Märklin na Jamus. Nakan saye su a gwanjo, in gyara, in ɗora su a kan ɗan dogo a ɗakina. Wani ɗan'uwa ya ce min tara gumaka nake yi. Haka ne? Kuma akwai zakka a kansu?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka wa ɗan'uwanka saboda kishinsa, amma bai dace da daidai ba, domin hanin da ya zo a kan sura, wato zane ko mutum-mutumi, ya shafi abu mai rai ne, shi kuwa jirgi ƙarfe ne. Ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim cewa Ibn Abbas, Allah ya yarda da shi, ya ce wa wani mai sana'ar zane idan ba makawa sai ya yi, to ya zana itace da abin da ba shi da rai. Don haka saye da ajiyewa da kunna waɗannan jirage halal ne, matuƙar ba su shagaltar da kai daga salla ba, kuma kuɗinsu bai taɓa ciyarwar iyalinka ko bashin da ke wuyanka ba.

Inda nake so ka kula shi ne 'yan mutum-mutumin fasinjoji da shanu da ake jerawa a tasha don ƙawata shimfiɗar. A mazhabar Malikiyya, surar mai rai idan tana da jiki mai inuwa, kuma gaɓoɓinta sun cika, haramun ce, ba a keɓe komai ba sai 'yar tsanar yara mata, saboda hadisin Nana A'isha cewa tana wasa da 'yan tsana a gidan Annabi (SAW). Na san tsawon mutum a ma'aunin Märklin na 1:87, wato kashi ɗaya cikin 87 na ainihin girman abu, kusan santimita 2 ne kawai, kuma malaman Hanafiyya sun sassauta a babin salla game da ƙaramar surar da ba a gane gaɓoɓinta daga nesa. Duk da haka, abin da zuciyata ta natsu da shi shi ne ka cire su ko ka yanke kawunansu, ka bar gadoji da itatuwa da gine-gine.

Babu zakka a kan abin da ka saya don ajiyewa, komai tsadarsa. Idan kuwa da niyyar kasuwanci ka saya, ya zama haja, zakka ta hau kanta idan ta cika nisabi kuma shekara ta zagayo. Gwanjo halal ne, amma ƙara farashi ba da nufin saye ba haramun ne, haka nan sayar da jirgin da ka sake wa fenti ko inji a matsayin na asali algus ne, dole ka bayyana wa mai saye. Wallahu a'alam.