Fatawa: Ana yi wa 'yata gorin baƙar fata a Islamiyya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce daga Gwammaja. 'Yata mai shekara 8 ta dawo daga Islamiyya tana kuka, wai yara suna ce mata bayan tukunya, har ta roƙe ni in saya mata man bilicin. Yayanta kuma na ji yana zagin ɗan maƙwabcinmu da ƙabilarsu. Me shari'a ta ɗora mini?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, Allah ya saka miki da alheri da ba ki ɗauki wannan a wasan yara ba.

Gori da launin fata ko asali haramun ne, kuma koya wa yaro haramcinsa wajibi ne a kan iyaye, domin kowa makiyayi ne, za a tambaye shi abin kiwonsa. Suratul Hujurat aya ta 11 ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi, aya ta 13 ta sanya fifiko a taƙawa. Suratur Rum aya ta 22 kuwa ta ƙirga saɓanin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah. Wanda ya kushe baƙin yarinyar nan, aikin wa ya kushe?

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Abu Zarri ya yi wa wani mutum gori da uwarsa, sai Annabi (SAW) ya ce masa: "Lalle kai mutum ne da ke da jahiliyya a tare da kai." Babban sahabi ne fa, amma ba a kawar masa da kai ba. To ki zaunar da yayanta, ku kaɗai, ki tambaye shi inda ya ji kalmar. Sau da yawa, abin takaici, a tsakar gida ya tsince ta, a bakin manya. Sannan ya je ya ba wa yaron haƙuri, ko Musulmi ne ko ba Musulmi ba, haƙƙin maƙwabtaka yana nan.

Ita kuwa yarinyar, kada ki saya mata man, cutarwa ce ga fatarta da zuciyarta. Ki ba ta labarin Bilal, Bahabashe, wanda ya hau Ka'aba ya kira salla ranar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan Hijira. Ki koya mata ta ɗaga kai ta ce, "Allah ne ya halicce ni haka, wannan magana haramun ce," ta kai ƙara wurin malaminsu, ba tare da ta rama da irin zagin ba. In ta ga ana yi wa wata, ta tsaya mata, wannan shi ne hani da mummuna da harshe. Ke ma ki je makarantar da ƙafarki.

Wata rana ki zaga da yaranki cikin birnin Kano, su ji sunayen unguwanni: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi. Su gane da baƙi 'yan ƙabilu daban-daban aka gina Kano tun zuwan Wangarawa, malamai da fatake daga ƙasar Mali.

Barkwancin taubasantaka, irin na Fulani da Barebari, babu laifi matuƙar kowa yana dariya. Da zarar ɗaya ya ɓata rai ko aka shiga ƙasƙanci, ya koma haramun.

Wallahu a'alam.